Me ya sa kwanakin mutum ke ƙara kama da juna idan shekaru suka ja?

Tambaya: Mahaifina yana da shekara 68, ya bar aiki shekara uku da suka wuce. Yanzu yau ɗinsa kamar jiya: lokacin tashi ɗaya, wurin zama ɗaya, mutanen da yake hira da su ba su wuce uku ba. In muka ce a fita, sai ya ce a ƙyale shi. Ni kuma ina da shekara 41, na fara ganin shekara tana wucewa kamar wata guda. Haka tsufa yake, ko akwai abin da ya kamata mu yi?

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Abin da ka gani a wurinsa da wanda ka fara ji a jikinka tushensu ɗaya, kuma galibinsa ba ciwo ba ne. Mutanen da mutum ke hulɗa da su, da wuraren da yake takawa, da ire-iren abubuwan da yake yi a yini, duk suna raguwa yayin da shekaru ke ja. Sai dai raguwar iri biyu ce, kuma in ka tsaya daga waje kamarsu ɗaya. Akwai wadda mutum ya zaɓa da kansa, don ya gane abin da ke masa daɗi ya saki sauran. Akwai kuma wadda gwiwa, ko kunne, ko ido, ko tsoron faɗuwa, ko damuwa suka zaɓar masa. Ta farko a bar shi da abarsa. Ta biyu ce ake bi a gyara, kuma tana gyaruwa fiye da yadda iyalai ke zato. Aikin da ke gabanku shi ne ku gane wace ce ta kama Baba.

Ƙaramin yaro ya fi kowa son sani, kuma ya fi kowa buƙatar tsari. Komai sabo ne a wurinsa, har marfin ƙofa da inuwar kansa, shi ya sa yake neman a maimaita masa labari ɗaya dare goma a jere, ya kuma rikice in aka taɓa lokacin barcinsa. Da ya balaga sai abin ya juye. Binciken da Laurence Steinberg da abokan aikinsa suka yi a ƙasashe 11, kan mutane sama da 5,000 masu shekara 10 zuwa 30, ya nuna ƙishirwar sabon abu da kasada tana kai ƙololuwa wajen shekara 19, iya kame kai kuwa ba ya gama nuna sai tsakiyar shekarun ashirin. Agogon jiki ma a nan ya fi jinkiri. Till Roenneberg ya nuna a 2004 cewa son raba dare da tashi a makare yana kai iyaka wajen shekara 20, daga nan lokacin barci ya riƙa matsowa da wuri har tsufa. Yawan abokan hulɗa kuwa, bayanan kiran waya na miliyoyin mutane sun nuna yana kai ganiya wajen shekara 25, sannan ya fara sauka.

Shekarun da kake ciki yanzu suna da wani abu mai ruɗarwa. Yinin ɗan shekara 40 cike yake da abubuwa daban-daban: aiki, zirga-zirga, yara, lissafin kuɗi, kula da iyaye. Amma Litinin da Talata da Laraba duk fuska ɗaya gare su. Wato bambanci iri biyu ne, na cikin yini da na tsakanin kwanaki, kuma tsakiyar rayuwa tana da na farko da yawa, na biyu kaɗan. Ranar da mutum ya bar aiki, dukansu biyu suna iya zubewa lokaci guda, domin aikin ne yake ba shi dalilin tashi, da hanyar bi, da fuskokin gani, da matsalar warwarewa, ba tare da ya nemi ko ɗaya ba. Mutane da yawa suna shirya kuɗin ritaya, kaɗan ne suke shirya abin da zai cike waɗannan gurabu huɗu.

Babban dalilin raguwar da mutum ke zaɓa, Laura Carstensen ta Jami'ar Stanford ce ta fi kowa bayyana shi. An tambayi mutane: in kana da rabin sa'a ba ka da wani uzuri, da wa za ka zauna, da ɗan gidanku, ko marubucin wani littafi da ka karanta, ko wani sabon sani da kuke da abubuwa da yawa iri ɗaya? Manya suka fi zaɓar ɗan gida, matasa suka rarrabu. Da aka ce wa manyan su ƙaddara likita ya tabbatar musu da ƙarin shekara 20 cikin ƙoshin lafiya, sai zaɓinsu ya koma irin na matasa. Da aka ce wa matasan su ƙaddara sun kusa ƙaura zuwa nesa su kaɗai, sai suka koma zaɓar na gida. An ga haka a zahiri a Hong Kong gab da miƙa ta ga ƙasar Sin a 1997: matasa suka riƙa zaɓe irin na manya, bayan abin ya wuce bambancin ya dawo. Ashe abin da ke juya zaɓin shi ne tsawon lokacin da mutum ke hange a gabansa. Wanda yake ganin hanya doguwa ce, gwaji yana da riba a wurinsa, don abin da ya gano yau zai ci moriyarsa shekara arba'in. Wanda ya riga ya gwada da yawa, hankali ne ya riƙe abin da ya tabbata. Abokai ukun nan na Baba mai yiwuwa su ne suka rage bayan tankaɗe da rairaya na shekara hamsin, don haka kada a raina su.

Abin da ke faranta rai shi ma yana sauyawa. Amit Bhattacharjee da Cassie Mogilner sun nuna a 2014 cewa matasa sun fi samun farin ciki daga abin da ba a saba gani ba, manya kuwa ƙananan abubuwan yau da kullum suna ba su farin ciki kusan daidai da manyan bukukuwa. Zaman da kake gani kamar ba komai a cikinsa, wataƙila shi Baba yana ƙoshi da shi.

Sai kuma jiki. Sabon abu yana da tsada, kuma tsadar tana hawa da shekaru. Sassan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu karɓar sinadarin dofamin, wanda ke sa mutum ɗokin abin da bai sani ba, suna raguwa da kusan kashi 5 zuwa 10 cikin 100 duk shekara goma. Tsallakawa daga wani aiki zuwa wani tana ƙara cin lokaci. Hasken da ke isa bayan idon ɗan shekara 60 kusan kashi ɗaya bisa uku ne na wanda ke isa na ɗan shekara 20, shi ya sa fitar dare take fara fita daga ran manya. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, fiye da mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka haura 60 suna da raunin ji mai takurawa. Mai raunin ji yana iya hira lafiya lau da mutum ɗaya a ɗaki shiru, amma taron mutum goma azaba ne gare shi. Ba zai ce maka ba ya ji ba. Cewa zai yi ba ya son hayaniya.

Akan ce sabo turken wawa, amma a wannan fanni sabo yana da rana. Wendy Wood da abokan aikinta sun gano a 2002 cewa har kusan kashi 43 cikin 100 na abin da mutane ke yi a yini suna yin sa ne a wuri ɗaya, a yanayi ɗaya, hankalinsu na wani wajen. Wannan sauƙi ne babba. Abin da ya zama sabo ba ya cin ƙarfin tunani, kuma irin wannan ajiya ta ƙwaƙwalwa ta fi jure tsufa a kan tuna abin da ya faru jiya. Dattijon da ke shan magani bayan karin kumallo kullum, yake ajiye makulli a ƙusa ɗaya, ya yi wa kansa dabara mai kyau. Barci ma haka. Wani bincike a Birtaniya kan mutane kimanin 60,000 da suka ɗaura na'urar auna motsi ya nuna daidaiton lokacin kwanciya da tashi ya fi yawan sa'o'in barcin alaƙa da tsawon rai. Paul Baltes da Margret Baltes sun siffanta tsufa mai kyau da matakai uku: mutum ya zaɓi abubuwa kaɗan, ya ƙware a kansu, ya nemi dabarar cike abin da jiki ya rasa. Raguwa tana cikin tsarin tun asali.

Inda sabo ke zama turke shi ne lokacin da ya cinye komai, har ba sauran abin da ke sa ƙwaƙwalwa ta yi gumi. Eleanor Maguire ta auna ƙwaƙwalwar direbobin tasi na Landan, waɗanda ke shafe shekara uku zuwa huɗu suna haddace tituna kusan 25,000, ta tarar ɓangaren baya na hifokamfas ɗinsu, sashen da ke kula da sanin hanya da ajiye tunani, ya fi na sauran mutane girma. Da aka kwatanta su da direbobin bas na birnin, masu tuƙi a cunkoso iri ɗaya amma kan hanya ƙayyadajjiya, na tasi suka fi. Dukansu suna fita kullum, ɗaya ne dai yake warware sabuwar hanya.

Gwajin da ya fi dacewa da Baba shi ne na Denise Park a Jami'ar Texas da ke Dallas, wanda aka wallafa a 2014. Mutane 221 ne masu shekara 60 zuwa 90, kowa ya ba da kimanin sa'a 15 a mako har wata uku. Wasu suka koyi ɗaukar hoto da gyara shi a kwamfuta, wasu ɗinkin bargo na haɗa ƙyallaye, wasu suka riƙa haɗuwa don hira da yawon buɗe ido, wasu kuma suka zauna gida da sauraron kiɗa da wasan kalmomi. Waɗanda suka koyi sabuwar sana'a mai wuya ne ƙarfin tuna abubuwa ya ƙaru musu. Gemu ba ya hana ilimi, amma sharaɗin shi ne abin ya kasance sabo, yana da ɗan wuya, wuyar kuma tana ƙaruwa mataki-mataki. Wasan da mutum ya ƙware a kai shekara ashirin yana da daɗi, kuma daɗi ba abin rainawa ba ne, sai dai ba shi ne wannan aikin ba.

To, yaya za ku gane wace raguwa ce? Kada ka fara da yi masa tambayoyi kamar ɗan sanda. Ka sa ido mako guda, ka rubuta abu uku kowace rana: ina ya je, da wa ya yi magana, me ya yi. Likitocin tsofaffi suna da wani ma'auni da aka tsara a Jami'ar Alabama ta Amurka, wanda ke kallon duniyar mutum a matsayin zobe biyar: sauran ɗakunan gida bayan ɗakin kwana, harabar gida, unguwa, cikin gari, sai wajen gari. A kowane zobe ana tambaya, cikin mako huɗu da suka wuce ya kai can? Sau nawa? Shi kaɗai, ko da sanda, ko sai an riƙe shi? Ka cike wannan don yau, sannan ka cike shi don bara gwargwadon abin da kuka tuna. Abin lura shi ne saurin tsukewar. Zoben da ya tsuke a hankali cikin shekara goma daban yake da wanda ya tsuke cikin wata shida.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi: me ya bari? In ya bar abin da dama dole ce ta sa yake yi, kamar tarukan wurin aiki, ba damuwa. In ya bar abin da yake ƙauna, a nan ake tsayawa. Wanda ya zaɓi ƙaramar rayuwa yana magana kan abubuwansa da armashi, yana jiran abokansa, yana dariya. Wanda aka tsuke yakan ce "ba amfani" ko "na gaji", ko kuma ya yi shiru.

In alamu sun karkata ga raguwa ta biyu, wadda ba shi ya zaɓa ba, a bi jiki gaɓa-gaɓa kafin a ce halinsa ne. A gwada ji da gani. A tambaye shi a keɓe, kuma ya fi kyau namiji ɗan'uwansa ya tambaya, ko fitsari yana matsa masa. Maza da yawa a wannan shekaru suna daina fita ne don tsoron rasa bayan gida a hanya, kuma kunya ba ta barin su faɗa. Wasu magungunan hawan jini suna ƙara fitsari, likita na iya sauya lokacin shan su. A auna hawan jini yana kwance, a sake aunawa bayan ya miƙe da minti ɗaya da kuma minti uku. In lambar sama ta faɗi da 20 ko ta ƙasa da 10, wannan na iya zama dalilin jirin da ke sa shi gudun tashi. Akwai gwaji biyu da za ku iya yi a gida. Na farko, ya zauna a kujera mai ƙarfi marar hannu da aka jingina da bango, ya rungume hannuwa a ƙirji, ya tashi ya zauna iya yadda zai iya cikin daƙiƙa 30, wani na tsaye kusa. Ga namiji mai shekara 65 zuwa 69, ƙasa da sau 12 alama ce ta raunin ƙafa. Na biyu, ya tashi daga kujera, ya taka mita uku, ya juyo ya zauna. In ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye, akwai haɗarin faɗuwa. Kusan mutum ɗaya cikin uku na masu shekara 65 zuwa sama yana faɗuwa a shekara, da yawa kuma ba sa gaya wa kowa. Sai tsoro ya hana tafiya, rashin tafiya ya raunana ƙafa, raunin ya ƙara tsoron.

Ka tuna kuma ko tsukewar ta biyo bayan wata jinya. A wani gwaji na 2007, lafiyayyun dattawa da aka kwantar kwana 10 kacal sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa. Bayan jinya mutum kan warke daga ciwon, amma zobensa bai koma yadda yake ba, iyali kuma su ɗauka tsufa ne ya zo.

Akwai alamun da ba a jinkiri a kansu. Rashin walwala ko rashin sha'awar komai da ya kai mako biyu, musamman tare da rama ko lalacewar barci, na iya zama ciwon damuwa, wanda a jikin manya sau da yawa yakan fito a matsayin gajiya da ciwon jiki, kuma yana jin magani. Ɓata a hanyar da ya sani, maimaita tambaya ɗaya, rikicewar lissafin kuɗi, ko tsananin fushi in an taɓa tsarinsa alhali da ba haka yake ba, suna buƙatar gwajin ƙwaƙwalwa. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin sa'o'i ko kwanaki kuwa ta gaggawa ce, a kai shi asibiti a ranar, domin sau da yawa ƙwayar cuta ce, ko magani, ko ƙarancin ruwa a jiki.

In an duba duk wannan, ga ƙa'idar da nake ganin ta fi aiki: lokuta su tsaya cak, abin da ke cikinsu ya riƙa sauyawa. A kafa turaku huɗu a yini. Lokacin tashi, kada ya goce fiye da sa'a ɗaya ko a ƙarshen mako. Fita cikin hasken safe na minti 20 zuwa 30, don shi ne ke saita agogon jiki. Lokutan cin abinci. Lokacin kwanciya, da burin sa'a 7 zuwa 8, barcin rana kuma kada ya wuce rabin sa'a, kada ya kai yamma. Waɗannan ba a taɓa su. Tsakaninsu ne ake shigar da sabon abu.

Kuma abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda: ko wuri, ko mutum, ko aiki. In Baba ya saba hira da amininsa a gida, a bar aminin da hirar, a sauya wurin, su yi ta suna tafe. In ya saba takawa da safe, a bar lokacin, a sauya hanyar sau biyu a mako, ko jika ya raka shi. Sabon abu ya rataya a jikin tsohon sabo, a kuma faɗe shi ƙarara da lokaci da wuri: "ranar Talata, da an gama karin kumallo, za mu je wuri kaza." Niyya irin wannan, mai ɗaure da alama, ta fi "ya kamata ka riƙa fita" cika nesa ba kusa ba. A sa abu mai wuya da safe, don yawancin manya a lokacin hankalinsu ya fi kaifi. A gaya masa tun jiya, da tsawon lokacin da za a ɗauka, da inda zai zauna, da lokacin dawowa. A ba shi zaɓi biyu ya ɗauki ɗaya.

Ta fuskar motsa jiki, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiyar da za ka iya magana a cikinta amma ba za ka iya waƙa ba, da ƙarfafa tsoka kwana biyu, ga masu 65 zuwa sama kuma atisayen daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku. Wanda ya daɗe a zaune ya fara da minti 10, ya ƙara minti biyar duk mako. Mai ciwon zuciya ko ƙarancin numfashi ya fara jin ta bakin likita.

Abin da ya fi jan dattijo waje, a ganina, shi ne a buƙace shi. Gayyatar shaƙatawa yana iya ƙin ta cikin sauƙi. Amma in akwai yaron da ke jiransa ya koya masa lissafi ranar Laraba, ko shukar da za ta mutu in bai ba ta ruwa ba, ko wata ƙungiya da shi ke riƙe mata littafi, zai tashi. Ka duba abin da ya ƙware a kai a aikinsa, ka nemo wanda ke buƙatarsa da gaske. Manya suna saurin gane aikin da aka ƙirƙira don a rarrashe su, kuma yana musu ciwo.

Kurakuran iyali kusan iri ɗaya ne ko'ina. Na farko, a tara komai a rana ɗaya: doguwar tafiya, taro mai hayaniya, dawowa cikin dare. Baba ya yi kwana biyu yana jinyar gajiya, ya ƙudurta ba zai sake ba. Ƙaramar fita sau uku a mako ta fi babbar fita sau ɗaya a wata. Na biyu, ba-zata, wadda matasa ke jin daɗinta, shi kuwa ta hana shi shirya maganinsa da bayan gidansa. Na uku ya fi ɓoyuwa don kama yake da biyayya: a karɓe masa duk wani aiki, sayayya, biyan kuɗi, gyaran ƙaramin abu, "Baba ka huta". Kowane aiki da aka karɓe, an karɓe fita ɗaya da hira ɗaya da lissafi ɗaya. Na huɗu, saurin karaya. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutane 96 da ke ƙoƙarin kafa sabon hali, suka ga matsakaicin lokacin da yake ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, wasu 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe komai ba. Don haka in ya ƙi fita a mako na uku, ba a fasa ba, a dawo ranar da ke biye.

Duk wannan yana juyawa in gwaji ya tabbatar da ciwon mantuwa. A nan tsari shi ne magani: kaya su zauna inda ya san su, kada a sauya fasalin ɗaki, mai kula da shi kada ya yawaita canzawa, a rage baƙi da hayaniya da yamma, lokacin da ruɗewa ta fi tashi. Bambancin da ake ba shi ƙarami ne kuma daga cikin abin da ya sani tun da, kamar tsofaffin hotuna da aikin hannu da ya saba.

Saura kai da shekararka mai gudu. Bayani ɗaya tsoho ne, tun ƙarni na 19: shekara ɗaya kashi goma ce cikin ɗari na rayuwar ɗan shekara 10, a wurinka kuwa ba ta kai kashi uku ba. Wannan ba abin da za ka yi masa. Bayani na biyu shi ne mai amfani. In mutum ya waiwaya, yana auna tsawon lokaci ne da yawan abubuwan da ya iya tunawa, ƙwaƙwalwa kuma ba ta ajiye kwana ɗari masu kama ɗaya a matsayin ɗari, dunƙule su take yi. Shi ya sa in aka ce dattawa su ba da labarin rayuwarsu, mafi yawan abin da ke fitowa daga tsakanin shekara 10 zuwa 30 yake, lokacin da komai na farko ne: makaranta, aiki, aure, ƙaura.

Kada ka nemi maganin ta hanyar cusa abubuwa da yawa cikin sa'a ɗaya, wannan kana da shi har ya yi yawa. Jordan Etkin da Cassie Mogilner sun nuna a 2016 cewa bambancin ayyuka yana ƙara jin daɗi in an baza shi cikin yini ko mako, amma yana rage shi in an cusa shi cikin sa'a guda, don mutum yakan ji bai gama komai ba. Abin da ka rasa shi ne bambancin tsakanin kwanaki. Ka ware rabin yini ɗaya a mako da ba zai yi kama da na makon jiya ba, ka ɗauki abu ɗaya mai wuya da za ka koya na wata uku, sa'a biyu zuwa uku a mako, ka kuma je wurin da ba ka taɓa zuwa ba sau ɗaya a wata, ko da cikin garinku ne. A ƙarshen wata, ba tare da duba waya ko kalanda ba, ka gwada lissafa ranakun da za ka iya bambanta su da sauran. In ba su kai huɗu ba, ka ƙara ɗaya a wata mai zuwa, kuma ka sa ɗaya daga cikinsu ta zama ranar da za ka raka Baba takawar safe ta hanyar da shi zai zaɓa.